Malam Sani, Mai Duba Jinin Yara Masu Fuka

Ina cikin wanke kwalaben gwaji da hantsin Laraba, sai Hajiya Uwani ungozoma ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Ta ce, "Safiya, sai haƙuri. Malam Sani ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan benci, na daɗe ban iya cire safar hannuna ba.

Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa a ɗakin gwaje-gwaje na ƙaramin asibitinmu, nan ƙasar Bagwai. Shi ya koya mini shafa jini a gilashi da ƙirga fararen ƙwayoyin jini a madubin likita. Akwai wasu a cikinsu masu shan rini su yi ja-ja. Su ya fi sa wa ido, domin sukan yi yawa a jinin yaron da fuka ta kumbura masa hanyar numfashi. Sai dai tsutsar ciki da tsargiya ma kan sa su yawaita, ga mu kuma kusa da madatsar ruwa ta Watari. Shi ya sa ba ya sa hannu a takardar sakamako sai an duba fitsari da bayan gida. Yakan ce, "Jini rabin magana yake faɗa miki. Tashi ki nemo sauran."

Ba zan manta da Hauwa'u ba, 'yar shekara takwas, wadda aka yi ta yi wa allurar namoniya, ƙirjinta bai daina kuka ba. Mahaifinta, Malam Iro, ya hana a ɗebi jininta, wai ya ji ana sayar da jinin yara. Malam Sani bai yi fushi ba. Ya hau babur ya same shi a gonar shinkafa, ya ce, "Malam Iro, zo ka gani da idonka. Ɗigo ɗaya ne, kuma a gabanka za a zubar da shi." Mutumin ya zo da ita, aka ɗebi ɗigon, ya kanga ido a madubin, ya daɗe yana kallo. Can ya ɗago ya ce, "Duk wannan a jikin 'yata yake?"

Ƙwayoyin nan masu shan rini sun yi yawa a jininta, amma fitsari da bayan gida suka fito lafiya. Malam ya rubuta wa likita a Kano, aka tabbatar fuka ce, aka ba ta maganin shaƙa. Malam Sani da kansa ya je gidan ya roƙi a raba ta da hayaƙin murhu da wurin sussuka. Bara Hauwa'u ta gama firamare.

A makonsa na ƙarshe, yana kwance ba lafiya, na je gaishe shi. Ban gama zama ba ya tambaye ni wasu yara huɗu da muka ce su dawo gwaji. Ya ce, "Kada ki bari su zo su tarar da ƙofa a kulle." Ba za su tarar ba, in Allah Ya yarda. Ranar Litinin zan buɗe ɗakin, in duba su kamar yadda ya koya mini, in kuma koya wa na bayana.

Allah Ya jiƙan Malam Sani, Ya gafarta masa, Ya sa numfashin yaran nan ya zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba Inna Rakiya, mai ɗakinsa, haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari bisa tafarkin gaskiya. Amin.