Tukunyar da Sidi Ya Ƙara wa Gas

Wata safiyar Alhamis cikin sanyin shekarar 2012, an idar da sallar asuba ke nan, ina tsugune a saman benenmu na unguwar Hindawiyya a Makka, hannuwana biyu cikin bahon ƙanƙara, na danne wata 'yar tukunyar gas shuɗiya don kada ta taso. Shekarata goma sha ɗaya. Yatsuna sun mutu har ba na jin nawa ne, haƙorana na haɗuwa, amma ba sanyin ne ya fi damuna ba. Kakana, wanda muke kira Sidi kamar yadda 'yan Makka ke kiran nasu, ya sa na taya shi mun kife babbar tukunyar gas ɗin da Umma ke girkin taro da ita a kan bulo biyu, kai ƙasa gindi sama, ya haɗa ta da ƙaramar da wani guntun tiyo. Gas yana gangarowa da wani siririn kuka. Duk tarin da Sidi ya yi sai tiyon ya girgiza. Ya dube ni ya ce, "Riƙe da kyau, amarya, saura kaɗan." Ƙasa kuwa kowa ya koma barci, don a lokacin Alhamis ba makaranta.

Sidi mutumin Yawuri ne, ɗan masunta jikan masunta. Yana saurayi iyayensa suka taho da shi aikin hajji, Allah bai yi za su koma ba. Ya tsufa a garin da ko ƙorama babu, duwatsu ne gabas da yamma, amma ruwa bai taɓa fita daga ransa ba. Saman benen nan shi ne fadarsa. Ni ina shanya, ko ina ba na'ana'ar Umma ruwa a gwangwanaye, ko muna 'yar carafke da 'yan matan maƙwabta, shi yana gefe a kan tabarma yana warware zaren fatsa, yana wasa ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. In na yi masa Larabcin makaranta sai ya toshe kunne ya ce bai auri Balarabiya ba, dole in juya zuwa Hausa. Duk shekara in sanyi ya shigo, Baba yakan ajiye tasi ya kai shi bakin teku a Shu'aiba, su kafa tanti su kwana, don Sidi ya ce kifin kirki da duhun asuba yake cin ƙugiya. Sauran watannin shekara kaf jiran wannan tafiya yake yi.

A shekarar nan ne ƙirjinsa ya tsananta. Ya kwanta asibiti, ya fito a rame, likita ya ce a kiyaye shi da iskar asuba. Umma, wadda ita ke jinyarsa duk da surukinta ne, ta ce ba inda za shi. Aka yi ta ja-in-ja, Sidi ya daina cin abincin kirki, ya juya wa kowa baya, har Umma ta sauko ta kafa sharaɗi: sai an sayi daffaya, wato 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, a kunna masa a bakin tanti. Ba daffaya, ba kwana. Ba wanda ya faɗa da baki, amma ko ni yarinya na gane cewa tafiyar nan mai yiwuwa ita ce ta ƙarshe.

Ni aka tura tare da su shagon gas a Utaibiyya, saboda hancina. A gidanmu in an kawo sabuwar tukunya, kafin a shafa mata kumfar sabulu a ga ko tana yoyo, ni ake kira in sunsuna. Umma takan ce hancin kyanwa gare ni, ina jin miya ta kama tun daga ƙofar gida. Na bi ƙananan tukwanen nan ɗaya-ɗaya ina hura hanci kamar wata babbar ma'aikaciya. Baba yana kifa su yana duba gindi ko tsatsa ta ci, yana shafa jiki ko akwai lotsawa, yana leƙa robar baki ko ta tsage. Muka tsaya a kan shuɗiyar. Mai shagon ya ɗora ta a sikeli ya ɗura, allura na kaiwa wani wuri ya rufe. Sidi ya karɓa ya girgiza a kunne, ya ji tana kaɗawa, ya ɓata rai ya ce ai ba ta cika ba. Mutumin ya ce haka ake barinta, gas yana son wurin numfashi, in zafi ya taɓa shi kumbura yake. Sidi ya tambayi kwana nawa za ta yi, aka ce dare ɗaya, in an yi tattali. Shi dare biyu yake so.

Wani abokinsa ne ya koya masa dabarar: in ka sanyaya ƙaramar tukunya sosai, sai ta sha gas fiye da ƙima. Ga ƙanƙara kuwa an saya tun daren jiya don kular kifi. Abin da ya hau da mu sama ke nan da asubar nan. Da ya gama ya kwance tiyon, ya girgiza tukunyar a kunnena. Shiru, ko motsi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Wagga ita a' cikakka." Na ce Sidi, mai shago fa ya ce a bar mata wuri. Ya ce mai shago ɗan jiya ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sannan ya kama hannuna mai sanyi ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa Baba ba sai mun isa bakin ruwa. Na yi. Wa zai ƙi, yana kallon idanun nan?

Abin da Sidi ya manta shi ne sanyin Makka na asuba ne kawai. Hantsi na yi rana take karɓe garinta. Ga shi Baba ya ce bari ya ɗan zaga da tasi tukuna, ya loda kayan a but ya fita da su, bai dawo ba sai da aka yi azahar. Tukunyar nan ta wuni a cikin ƙarfe tana gasuwa. Muka kama hanya, Sidi a gaba da rawaninsa da rigar sanyi, ni kaɗai a baya, gilasai a rufe saboda ƙirjinsa. Motar ta cika da ƙarnin jatan landen da za a sa a ƙugiya. Mun bar gari, duwatsu sun fara ja da baya, fili ya buɗe, sai na ji shi. Can ƙasa da ƙarnin, ta tsakanin kujerar da nake jingine, wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Na ce wa kaina ƙila hannuna ne tun na safe, na sunsuna, ba shi ba ne. Na kwantar da kai a kujera kamar mai barci, warin ya daki hancina sosai, har da ɗan sautin nan siriri. Baba yana fama da mura, Sidi kuwa hancinsa ya daɗe da yin ritaya. Ni kaɗai na sani. In na yi magana za a buɗe but, asiri ya tonu, ba daffaya, ba kwana, kuma ni ce na karya alkawari na hana tsoho abin da ya shekara yana jira. In na yi shiru, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana. Gaba kura, baya sayaki. Sidi kuwa sai labari yake zubawa, yadda suke shiga ruwa a kan gora a Yawuri, muryarsa garau kamar bai taɓa ciwo ba. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Na ce bari mu wuce wancan dutsen. Muka wuce. Na ce bari mu wuce waɗancan raƙuman. Gumi ya jiƙa mini hijabi, ina ta karanta duk addu'ar da na iya a zuci.

Sai Baba ya ce kai, ƙarnin nan ya yi yawa. Kowane direban tasi a garin nan yana da ɗan kaskon turaren wuta a mota, da gawayi mai kamawa nan take. Ya miƙa wa Sidi kaskon, ya laluba aljihu ya ciro abin kunna wuta. Ban san lokacin da na haye kujera na cafke hannunsa ba. Motar ta yi wawan kaɗawa, na ƙwalla ihu, "Baba kar ka ƙyasta! Gas! Gas ne a but!"

Ya gangara gefen hanya ya kashe mota, ya fitar da mu, ya kora mu nesa. Da ya ɗaga but ɗin, daga inda nake tsaye na ga bakin tukunyar ya yi fari fat da ƙanƙara, tana fesar da wani farin hayaƙi. Ya naɗe hannu da tawul ya ɗauke ta, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri, ni kuwa ina kuka ina kiran sunan Allah, har ya dire ta can cikin yashi ya dawo. Ya ce shi da idonsa ya ga an auna ta, wa ya taɓa ta? Na sunkuyar da kai. Sidi ya ce, "Ni na. Ƙyale yarinya." Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya dai tsuguna a bakin titi ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Muka jira tukunyar ta gama kukanta, iska ta wanke motar, sannan ya juya kan mota zuwa Makka.

Ba mu yi nisa ba Sidi ya ce, a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba, a kai shi ya ga tekun ko daga cikin mota ne. Baba ya sake juya kan mota. Mun isa bayan la'asar. Ba a kafa tanti ba, ba a kwance fatsa ba. Sidi ya naɗe wando ya shiga ruwa iya ƙauri, ya tsaya yana kallon inda teku ta haɗu da sama, ƙananan igiyoyi suna dukan ƙafafunsa sirara. Na tsaya a bayansa riƙe da takalmansa, ina jiran faɗa. Da iska ta fara sanyi Baba ya kira mu. Sidi ya fito, ya dafa kafaɗata yana sa takalmi, ya ce, "Kin yi daidai, ɗiyata. Amma ban gode ba tukuna." Kafin wani sanyin ya zagayo an kai shi makwancinsa.

Yanzu mun bar Hindawiyya, girkina na lantarki ne, ba kifa tukunya ba kumfar sabulu. Ina da motata, hanyar Shu'aiba shimfiɗe take, duk ranar da na ga dama sai in je in dawo kafin isha'i. Nakan ga matasa da tantuna masu kyau da daffaya iri-iri, suna danna waya sun ba ruwan baya. Ba na ganin mai son tekun nan kamar yadda tsohon nan ya so ta, har ya kusa hallaka mu don ƙarin dare guda. Na san da ranar za ta dawo, ihun nan dai zan sake yi. Amma har yau ina jiran godiyarsa.