Geron da Baffa Ɗalha Ya Binne

Baffa Ɗalha yayan mahaifina ne, kuma a gidanmu shi ke riƙe da iri. Ba sarauta ba ce, amma kowa ya san aikinsa ne. In an yi girbi, shi zai zauna a gindin rumbu ya ware zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye a inda hayaƙi ke bugawa don kada ƙwari su ci. Geron namu gajere ne, mai saurin nuna. Ana ce masa ɗan Hajjo, da sunan wata kakarmu da aka ce ta zo da shi daga Damagaram ƙulle a bakin zane. Ni ce mai yawan tambayar tsofaffi a gidan, shi ya sa rubuta wannan ya faɗo kaina.

Mutum ne marar yawan magana. Da damina yana gona, da rani yana tufka igiya ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, masu dabbobi su saya. Rayuwarsa ke nan har ya yi furfura.

Sai aka zo aka auna gonakin ƙauyenmu, a ƙasar Gagarawa, aka ba wani kamfani zai noma rake. Wasu sun karɓi diyya. Baffa bai karɓa ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Da manoma suka nemi izinin yin zanga-zanga, aka ce babu hali saboda tsaro. A nan ne Ilu, abokin Baffa tun na ƙuruciya, ya ce to ba sai an ɗaga kwali ba, a je a yi binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Hujjarsa kowa ya yarda da ita. A wajenmu ko gona ana rigima a kanta, in dai iri ya tsiro, dagaci cewa yake a bar mai shuka ya girbe, sannan a yi shari'a. Ba a tuge shuka. Babu wanda ya taɓa ganin an yi.

Ina tsakar gida lokacin da Baffa ya sauke irin duka. Inna Asama'u, matarsa, ta ce, "Malam, ka bar ko kwano ɗaya mana."

"Rabi ba zai rufe gonar ba," in ji shi. "In suka ga gefe a shuke, gefe fayau, cewa za su yi wasa muke."

Da hantsi muka shiga ta inda kamfanin bai gama ja wayar shinge ba. Maza na sara da sungumi, mu muna bin baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Babu waƙa, babu ihu. Mun kusa gamawa motar 'yan sanda ta iso. Maza kawai suka ɗauka, da sungumansu.

A kotu, a Gumel, aka karanta musu laifi: shiga gonar da ba tasu ba, da taro ba izini. Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, gambar da ke kan iyakar nan kamfani ne ya dasa ta? In shi ne, ya zo ya nuna mana inda ta ƙare." Mutane suka yi dariya, aka tsawata. Da aka zo kan Baffa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, binne na yi."

Aka ba da belinsu da sharaɗin kada su kusanci wayar, kada kuma a sake ganin sun taru. Baffa ya juya wajen lauyan da ya tsaya musu, ya ce, "To, firi fa?" Noman farko yake nufi, wanda in ba a yi ba ciyawa ke danne gero. Lauyan ya dafa kafaɗarsa kawai.

Ruwa ya sauka. Geron ya fito layi-layi, kamar yadda muka zuba shi. Kullum Baffa zai je ya tsaya a bakin titi, hannuwa a baya, yana hangen ciyawa na tasowa tare da geron. In na kai masa ruwan sha sai ya ce, "Ummu, ba za su tuge ba. Ba a yi."

Ranar da tarakta ta zo ina gefensa. Direban ɗan Sule Tankarkar ne, ya san gero. Da ya iso bakin shukar ya tsaya, ya leƙo, ya duba wajen mai kula da aikin. Sannan ya sa giya, ya bi ta kan geron. Na zaci Baffa zai yi wani abu, har na riƙe hannun rigarsa. Bai motsa ba. Da ƙasar ta koma ja duka, sai ya tambaye ni ko an ba awaki dusa.

Har yau shari'ar ba ta ƙare ba. Yakan hau acaɓa ya je Gumel, a ɗage, ya dawo. Ilu ma ya rage ba'a. Na bi gidajen gwaggonnina ina neman ɗan Hajjo, na tarar duk ya gauraya da wani geron, babu mai iya ware shi.

Bara Baffa ya ari gona a wajen surukinsa, ya shuka irin kasuwa. Da aka yi girbi na kwaso zangarniya na zube a gabansa a gindin rumbu, kamar yadda aka saba. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ajiye.

"Zaɓa ke, Ummu," ya ce. "Duk ɗaya ne."

Na zaɓa, na ɗaure, na rataye a inda hayaƙi ke bugawa. Bai ɗaga kai ya duba ba.