Yatsan Malam Gudaji

"A'a, ni zan ja da hannuna," in ji Malam Gudaji.

Sharifa mai auna gonaki ta miƙa masa wayar da ke nuna taswirar gonarsa. Shekara arba'in yana nomanta a garin Sule Tankarkar. Tun rasuwar ɗansa Ilu gefen gabas ya fi ƙarfinsa, shi ya sa zai bar wa maƙwabcinsa.

"Baba, danna ɗigon nan, ka jawo iyakar zuwa gindin tsamiya."

Sau uku yana dannawa, ɗigon bai motsa ba. Yatsansa ya yi kanta, gilashin ba ya jin sa.

"Ita ma ta ƙi," ya ce. "Ja kawai, 'yata."

Ta ja, gonar ta tsuke. Ya saɓa fartanyarsa, ya nufi kunyoyin da suka rage masa.