Yunwar Zuberu a Hanyar Bawku

Shekara ashirin da shida Zuberu Tanko ya yi yana jan lori. Daga Salaga yake ɗaukar doya, ya bi ta Bimbila da Yendi ya kai Bawku, ya dawo da albasa ko gero, wani lokaci raguna. Gajere ne kakkaura mai yawan dariya, kuma babu mai sayar da abinci a hanyar nan da ba ta san shi ba. Da koko da ƙosai yake karyawa kafin ya tada mota. A bayan tashar Yendi akwai Mma Atikatu mai sakwara, wadda da ta hango lorinsa take ware masa nama mai ƙashi. In ya isa Bawku kuwa, tuwon gero ne da miyar ayoyo, wato lalo, da gasasshen zabo. Matarsa Barakatu takan ce ita da hanya suke rabon ciyar da shi, kuma hanya ta fi ta samun yabo.

Yana da shekara hamsin da ɗaya ƙishirwa ta fara damunsa. Ya sha ruwa bai ƙoshi ba, tsakanin Salaga da Yendi sai ya tsaya fitsari sau shida. Barakatu ta matsa masa, ya je asibiti. Aka gwada jininsa aka ce ciwon sukari ne. Layi ya yi tsawo ranar, likita ya rubuta masa ƙwaya ya ce ya sha kullum da safe, ya bar sukari, ya rage abinci mai sitaci. Zuberu ya ce to. Sai da ya fito ya tuna bai tambayi mene ne abinci mai sitaci ba. Shi sitacin da ya sani na guga ne.

Kafin mako ya zagayo unguwarsu ta zango duk ta ji, kuma kowa ya zo da nasa ilimin. Yayar Barakatu ta ce masara ce dafin, gero ba ya komai. Limamin unguwa ya ce shi ya ji geron ma a bar shi, sai dawa. Mma Atikatu ta ce doya dafaffiya lafiya lau ce, dakan ne yake tayar da sukarin cikinta, ta daina sayar masa da sakwara don tausayi. Da ya isa Bawku, wani abokinsa mahauci ya ce duk su bar wannan, nama ne abincin mai sukari. A rediyon mota kuma wani mai maganin gargajiya yana ta rantsuwa cewa ɗaci ne ke kashe zaƙi, a dafa ganyen darbejiya a sha safe da yamma.

'Yarsa Sadia, wadda ke karatu a Tamale, ita ta fi kowa tashin hankali. Ta riƙa turo masa bidiyo a waya, tana kiransa tana fassara masa. Wani Bature ya ce a ci ƙwai da mai da nama, a bar duk abin da aka yi da hatsi. Bayan kwana uku ta turo wani, shi kuma ya ce nama da mai su ke toshe jijiya, ganye kawai za a ci.

"Sadia, wanne ne likitan a cikinsu?" Zuberu ya tambaye ta.

"Baba, duk biyun likitoci ne."

Wata safiya Barakatu ta ajiye masa dafaffen wake, ya zauna yana kallon kwanon har ya huce. Ta ce, "Maigida, waken ma?"

Ya ce, "Jiya a tasha wani ya ce yana da sitaci. Barakatu, in na bi maganar kowa, ruwa ne kaɗai ya rage mini. Shi ma an ce kada in sha mai sanyi."

Ta yi dariya don ta ɗauka wasa yake. Shi bai yi ba.

Bidiyo na gaba da Sadia ta turo shi ya kama. Mutumin ya ce sirrin ba a irin abincin yake ba, a yawan cin yake: a ci sau ɗaya a rana, jiki zai gyara kansa. Wannan ta yi wa Zuberu daɗi, don ita kaɗai ce shawarar da ba ta sa shi zaɓe tsakanin masara da gero ba. Kuma azumi ba baƙon abu ba ne gare shi. Sai ya tsara wa kansa: da safe ƙwayar likita da kofin ruwan darbejiya, sannan ba ya sa komai a baki sai bayan la'asar. A ganinsa ya bi likita, ya bi mai rediyo, ya bi 'yarsa. Ya rame, mutane suka ce ai alamar sauƙi ce. Hannunsa yakan yi rawa a kan sitiyari, ya ce gajiya ce.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, rana tana dukan ƙasa. Ya ɗauko doyar Alhaji Mutaru, wani dattijon ɗan kasuwa da suka shekara goma sha biyar suna tafiya tare, Alhajin yana zaune a gefensa. Sun wuce Yendi da kamar awa ɗaya sai Alhaji ya ga gumi yana zuba daga fuskar Zuberu, rigarsa ta jiƙe.

"Zuberu, lafiya? Tsaya mana."

Zuberu ya buɗe baki, maganar ta fito a karkace. Ya taka birki, amma hannunsa ya saki sitiyari. Lorin ta gangara a hankali ta kwanta cikin kwari a bakin wani ƙauye, doya ta watse. Ƙafar Alhaji Mutaru ta karye a ƙarƙashin kujera.

Mutanen ƙauyen suka jawo su. Cikinsu akwai wata mai sayar da fura wadda mijinta ke da irin ciwon. Da Alhaji ya ce direban yana da sukari kuma bai ci komai ba tun jiya, sai ta dama sukari a ruwa ta kai bakin Zuberu. Yana jin zaƙi ya datse haƙora, yana cewa, "An hana ni. An hana ni." Alhaji Mutaru, yana kwance a ƙasa da karyayyiyar ƙafa, shi ya daka masa tsawa: "Sha, don girman Allah!" Ya sha. Ba a jima ba idonsa ya washe, ya ga lorin a kife, ya ga ƙafar Alhaji.

A asibitin Yendi aka kwantar da su. Bayan kwana biyu wata nas mai suna Raihanatu, 'yar ƙabilar Dagomba mai Hausar kasuwa, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonsa.

"Baba, gaya mini abin da kake ci. Daga safe har dare, a gida da kan hanya."

Ya gaya mata duka, har darbejiya. Sai ta bayyana masa cewa ƙwayar da yake sha aikinta sauke sukarin jini ne, in ciki babu komai sai ta sauke shi har mutum ya faɗi. Ta dunƙule hannunsa ta nuna masa. "Tuwo kamar wannan, na masara ko na gero, duk wanda ka samu. Miya da yawa, ta ganye. Wake, ƙwai, kifi. Sau uku a rana, kada ka tsallake. Alewa biyu a aljihu saboda irin na shekaranjiya."

"Sakwara fa?"

"Kaɗan. Ba kullum ba."

Zuberu ya juya fuska ga bango. Can ya ce, "Wata bakwai kowa yana gaya mini abin da zan ci. Ke ce ta farko da ta tambaye ni abin da nake ci."

Ubangidansa mai lorin mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba, amma da aka gyara motar wani ya bai wa makulli. Zuberu bai roƙa ba. Ya koma Salaga ya zauna. Barakatu ta riƙa auna masa tuwo da dunƙulen hannu, jikinsa ya ɗan dawo, amma dariyar ba ta dawo ba. Alhaji Mutaru ya warke da ɗingishi, yana dogara sanda, bai ƙara bin kaya zuwa Bawku ba. Sau biyu ya zo gidan takanas ya ce ya yafe, ƙaddara ce. Duk da haka in Zuberu ya hango shi a kasuwar doya sai ya sake hanya.

Shekara uku ya yi a haka. Idonsa ya fara dushewa, daga baya ƙoda ta samu matsala. Ya rasu da damina, ranar wata Laraba, bayan azahar.

Ranar sadakar bakwai tsakar gidan ta cika. Ana cin waina sai musu ya tashi a kan abin da ya kashe shi. Wani ya ce doyar da ya ci a shekarun baya ce. Wani ya ce ƙwayar asibiti ce ta cinye ƙodar. Mahaucin nan da ya zo daga Bawku ya ce da ya riƙe nama da yana nan da ransa. Sadia ta tashi ta shiga ɗaki tana kuka, tana cewa ita ta turo bidiyon. Barakatu ta bi ta, ta zaunar da ita a bakin gado.

"Kin turo ne don kina son ya rayu," ta ce. "Dukanmu haka. Share hawayenki, ki zo ki kai wa Alhaji Mutaru kujera, ba ya iya zama a tabarma."