Zai Saki

A layin 'yan gwanjon takalma babu wanda bai san Zai-saki ba. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a kasuwar, har matarsa ma in ta aiko a kira shi da laƙabin take aikowa, don in aka faɗi wancan babu mai ɗaga kai. Rumfarsa ita ce ta kusa da famfo, wadda rufinta ke yoyo ta gefe ɗaya tun kafin a haifi autarsa. Nan yake wuni a kan benci, da bokitin ruwan sabulu da tsohon buroshi a gabansa, yana wanke takalman da wasu mutane a wasu ƙasashe suka gama yayinsu suka yar.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. A kawo dila, a yanke igiya, takalma su zubo da warin ƙafar mutanen da bai taɓa gani ba. Ya ware na maza da na mata, ya haɗa kowane da ɗan'uwansa, ya wanke, ya cusa musu tsohuwar jarida don su miƙe, ya shafa mai ya jera. Waɗanda suka zo su kaɗai ba ya zubar da su. Akwai wani buhu a ƙarƙashin tebur da yake tara su, yana kiransu gwauraye, wai wata rana matansu za su iso a wata dilar. Ba su taɓa isowa ba, buhun dai sai ƙiba yake yi.

A kan lamba yake cika baki, kuma a nan yana da gaskiyarsa. Ya ɗaga harshen takalmi ya leƙa sau ɗaya, ya gama. Arba'in da uku na Turai shi ne tara a Ingila, shi ne goma a Amurka, masu auna da santimita kuma su rubuta nasu daban, kowace ƙasa da irin rigimarta. Yawancin dilolinsa daga Ingila suke zuwa, don haka da lambar can yake tunani. In ka tashe shi daga barci ka tambaye shi nawa yake sawa, tara zai ce maka.

Laƙabin kuwa daga bakinsa ya fito. Mai saye ya zura ƙafa ya yamutsa fuska ya ce ya matse, sai ya danna gaban takalmin da babban yatsa ya ce, "Haba, fata ce ai. Zai saki." In ya yi yawa, a sa takarda. In ya yi kaɗan, zai saki. Ba maƙaryaci ba ne, a yi masa adalci, wasu kam suna saki. Wasu kuma ƙafar ce ke haƙura, mai ita ya yi ta ɗingishi har ya saba ko ya kyautar. Shi dai ba ya ganin ƙarshen labarin, tun da gwanjo ba a dawo da shi. Da wannan kalma ya aurar da 'ya'ya mata, da ita ya biya wa Auta makarantar koyon jinya har ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Amurka.

Ciwon suga bai yi masa sallama ba. Ya fara da ƙishirwa da yawan zagayawa, daga baya ya sauka ƙafa. Sai ya riƙa jin kamar a kan katifa yake tafiya. Ran nan ya taka ƙusar takalmi a rumfa, bai sani ba sai da Dogo, mai gyaran takalmi da ke maƙwabtaka da shi, ya nuna masa jini a ƙasa. Likitar da ta duba shi yarinya ce, sa'ar Auta. Ta ce ƙafafunsa sun daina kawo masa labari, don haka ido ne zai riƙa yi musu aikin. Ya duba su kullum, ya sa takalmi mai faɗi wanda zai bar wurin babban yatsa guda a gaba, in zai gwada kuma ya gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta. Ya saurare ta yana murmushi irin na wanda ake koya wa sana'arsa. A hanyar gida ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Yau ni ake gaya wa yadda ake gwada takalmi."

Da Auta ta ji, hankalinta ya tashi. Ta kira ta bidiyo, tana cikin kayan aiki, idanunta duk gajiya.

"Baba, akwai takalmin da ake yi musamman don masu irin ciwonka. Zan saya maka. Amma ka taka takarda da yamma, Mama ta zagaye ƙafar da biro, ta auna tsawo da faɗi ta turo min."

"Takarda?" Ya dubi matarsa, ya dubi wayar. "Ke Auta, ni za a zana wa ƙafa kamar ɗan yaye? Tun ba a haife ki ba nake cikin takalma."

"Ba haka ba ne, Baba. Ƙafa tana canzawa, kuma lambar nan da ta can..."

"Ke dai ki ce musu tara."

"Tara ta ina?"

Amma ya riga ya miƙa wa matarsa wayar, ya tashi yana gunaguni. Matar ta ce, "Kin dai san halin babanki. Ya ce tara." Ita kuwa Auta, wa ta sani a duniya da ya fi Baba sanin lamba? Ta shiga kanti ta ce tara, aka ba ta tara irin ta ƙasar da take.

Kwalin ya iso ta hannun wata ƙawarta da ta zo ganin gida. Baƙin takalmi ne, mai taushin ciki, da ƙanshin sabon abu. Zai-saki, da ya ƙare rayuwarsa cikin takalma, bai taɓa sa wanda wani bai riga shi sawa ba. Ya juya shi a hannu, ya shinshina, sannan hannunsa da kansa ya ɗaga harshen kamar yadda ya saba. Lambobin suna jere ƙanana: tara a Amurka, takwas a Ingila, arba'in da biyu a Turai. Ba wanda ya yi kuskure sai shi. Yarinyar ta tambaya, da kunnensa ya ji ta tambaya. Ga shi kuma ƙafar da ke gabansa yanzu, mai kumburi da sheƙi, ta daɗe da wuce arba'in da ukun ma.

Matarsa tana riƙe da waya, Auta na ciki tana dariya tana share hawaye. "Sa mana in gani, Baba! Wallahi tun da na fara aiki nake son in saya maka abu da hannuna."

Ya sassauta igiyar har ƙarshe, ya sa yatsa ta bayan dunduniya, ya tura. Ƙafar ta shiga da ƙyar. Abin takaicin shi ne ko kaɗan bai ji zafi ba. Da a shekarun baya ne da ƙafar ta yi masa ihu ya cire, amma yanzu shiru ta yi. Ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo.

"Ya yi daidai?"

"Kamar an auna," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Da aka kashe wayar matarsa ta durƙusa ta taɓa gaban takalmin. Yatsunsa sun turo shi har ana ganin shatinsu. "Malam, wannan fa ya matse ka."

"Sabo ne. Zai saki."

Ta ɗago ta kalle shi, irin kallon da ake yi wa mutumin da aka san shi ciki da waje.

Da ya ajiye shi a kwali da ba a yi wannan labari ba. Amma ta yaya? Duk layin sun ji cewa 'yarsa ta aiko masa da takalmi daga waje. In ya ce bai yi ba, za a tambayi dalili, kuma dalilin shi ne Zai-saki ya ba da lambar ƙafarsa ba daidai ba. Gara masa a ce rumfarsa ta ƙone. Sannan ga Auta, wadda ke wuni a tsaye tana ɗaga tsofaffin wasu, duk kiran da ta yi sai ta ce a nuna mata ƙafarsa. Don haka ya sa shi zuwa kasuwa, ya wuni da shi, ya dawo da shi, gobe ma haka.

A kasuwa Dogo ne kaɗai ya yi magana. Ya leƙo daga rumfarsa da zare a baki, ya ƙare wa takalmin kallo. "Mutumina, kawo in sa maka shi a itacen buɗawa ya kwana biyu. Ko da yake irin wannan an ƙarfafa gabansa, ba na jin zai motsa."

"Kai dai yi ɗinkinka. Wa ya ce maka ya matse?"

"Tafiyarka."

Ya yi kamar bai ji ba.

Matarsa ce ta fara ganin tabo a safarsa ta hagu wajen wanki. Ya ce man takalmi ne. Daga nan ya koma wanke safarsa da kansa a famfon kasuwa, ya daina cire takalmi sai ya shiga ɗaki ya juya baya. Ya ga bororon da ya fashe a gefen ƙaramin yatsa, ya ga ya zama rami, ya ɗaura masa tsumma ya mayar da takalmin a kai. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron da bai taɓa ji ba, amma tun da ba zafi sai ya riƙa lallashin kansa. Abin da ba ya ciwo ai bai kai a tayar da hankalin mutane ba.

Wari ne ya tona shi. Wata safiya zazzaɓi ya hana shi tashi, matarsa ta yaye zanen rufa ta ga yatsan ya yi baƙi. Salatin da ta yi har maƙwabta suka fito.

A asibiti likitar nan ce dai. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki takalmin ta sa hannu a ciki, ta dubi ƙafar, ta ajiye shi a hankali. Aka cire yatsan. Baƙin bai tsaya ba. Aka sake shiga da shi, ya farfaɗo ya tarar zanen gadon ya kwanta shafe daga ƙasan gwiwar hagu. Ya juya fuska bango ya yi kuka, kukan da matarsa ba ta taɓa ji ba a duk zamansu.

Auta ba ta samu zuwa ba, takardunta ba su ba ta damar fita ta koma ba. Ta kira tana kuka kamar ranta zai fita. "Laifina ne, Baba. Na yi jinkiri. Da na aiko tun farkon ciwon da ba a kai nan ba."

In ya ce mata ba jinkiri ba ne, sai ya faɗi mene ne, kuma daga ranar za ta san cewa abin da ta saya da guminta, abu na farko, shi ya ci ƙafar ubanta. "Ƙaddara ce," ya ce. "Ki daina kuka."

Rumfar ta koma hannun wani. Dogo ya kwaso masa abin da ya rage, bencin da buroshin da buhun gwauraye, ya kawo gida a baro. Likita ta ce ƙafar dama ma ba lafiyayya ba ce, in aka yi wasa za ta bi 'yar'uwarta. Da yamma ta yi, matarsa ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Dogo ya riƙe shi ta hamata, ya taka, ta zagaye ƙafar da biro a hankali har ta dawo inda ta fara. Suka juye buhun a tsakar ɗaki, takalma marasa 'yan'uwa suka bazu ko'ina, Dogo ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan zanen ƙafar. Aka samu wani ruwan ƙasa mai faɗin gaba, na dama, arba'in da biyar. Ya shiga salin-alin, da wurin babban yatsa a gaba.

"To ka gani," in ji Dogo, yana son a yi dariya. "Ashe kai gwauron nan yake jira."

Ba wanda ya yi dariyar.

Suna cikin haka wayar ta yi ƙara. Matarsa ta riƙe ta daidai fuskarsa, ta kula kada ta sauka ƙasa. Auta ta rame, muryarta ta dushe.

"Baba, kana dai sa na daman ko? Don Allah kar ka cire, shi zai tsare maka ƙafar."

"Yana ƙafata."

"Zan sake aiko maka da wani, ka riƙa canzawa. Gobe zan shiga kantin. Lambar nan dai ko?"

Takardar tana nan a ƙasa kusa da sandarsa, da zanen ƙafa ɗaya a kanta. Matarsa ta kalle shi, ta kalli takardar, idanunta suna roƙonsa. Dogo ya sunkuyar da kai yana mayar da gwauraye buhu. Sabuwar lamba ce kawai zai faɗa, ya kuma san ta, yana iya lissafa mata lambar a ƙasa uku ba tare da ya yi tunani ba. Amma Auta ba wawuya ba ce, jinya ta karanta. In ta ji sabuwar lambar za ta tuna tsohuwar, ta haɗa da kanta.

"Baba? Kana ji na?"

"Ina ji, Auta," ya ce. "Taran dai."

Matarsa ta sunkuya ta ɗauki takardar, ta ninke ta biyu, ta tura ƙarƙashin katifa.