Ranar da Waya Ta Ja Mu Bayan Shingen Sojoji

Ko ƙasa ta rufe idona ba na jin zan manta da wannan rana. Mu biyar ne: ni, da ƙanwata, da mijin 'yata ta fari, da ragon suna, sai wata mata da ke zaune cikin wayarsa tana ba da umarni da Turanci.

Lokacin an hana hawa babur a Potiskum, kuma ƙarfe shida na yi ba mai sauran fita. Washegari sunan jikana, ragon kuwa yana rugar da nake ba da kiwo, can bayan unguwar Yindiski. Da ƙafa muka je, muka karɓo shi bayan la'asar.

Hanyar nan na fi shekara talatin ina bin ta da itace a kaina. Amma da muka juyo, sai surukin nawa, wanda a Kaduna yake aiki, ya zaro waya ya ce akwai yanke. Ni kuwa tun da ya auri 'yata ban taɓa yi masa magana baki da baki ba. Mijin 'yar fari ne, haka muka taso. Sai na ce wa ƙanwata, "Gaya wa mai wayar nan hanya tana wajen tsamiyar can."

Ta faɗa masa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "A gaya wa Inna wannan daga sama take kallonmu."

"Tambaye shi ko ta taɓa yin itace a nan."

Ƙanwata dariya ta hana ta isar da saƙon.

Muka kutsa gonar gero da ya fi mu tsawo. Matar ta ce dama, muka yi dama. Ta ce hagu, muka yi hagu. Sai ga mu a bakin kududdufin da masu bulo suka haƙa, ruwan damina ya cika shi fal. Matar ta ce a miƙe. Wallahi mutumin nan da digirinsa ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga har cinya yana ɗaga waya sama kada ta jiƙe. Ragon ya kafe ƙafa ya ƙi. A raina na ce duk tafiyar nan shi kaɗai ne mai hankali.

Muka zagaya, rana tana ja, ni ina ta gyaran murya kamar mai mura. Muna fitowa daga cikin geron sai muka ga buhunan yashi da bayan sojoji uku. Duk hanya suke fuskanta, mu kuwa ta ƙeyarsu muka ɓullo. Na ji ƙarar ɗana bindiga ƙaras, ƙanwata ta zube tana salati. Muka ɗaga hannu, ragon ya samu sake ya hau cin ganyen da suka lulluɓe buhunansu da shi. A daidai nan matar ta sake magana. Daga baya aka fassara mini: wai mun iso.

Wani soja ya daka tsawa da Hausarsa ta 'yan kudu, "Wane ya kawo ku nan?"

Surukina ya nuna waya da haɓa. Suka ce ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo, da jiƙaƙƙen wandonsa, a gabana. Sau huɗu ya yi na kasa jurewa. Na sauke hannuna na ce, "Ɗana, uban jikana ne, gobe suna. Laifina ne. Na san hanya na yi shiru."

Sojan ya dube ni, ya dubi ragon, ya ce, "Mama, saura minti ashirin. Ku gudu."

Na juya, karo na farko cikin shekara tara na dubi surukina ido da ido. Na ce, "Kai, kashe ta. Kama igiya ka biyo ni." Muna sa ƙafa a zaure shida tana cika.

Na daɗe ina jin haushin matar nan, amma ita ba ta taɓa taka Yindiski ba. Ni da na sani na ƙulle bakina don kunya, har aka kusa harbe mu. Tun ranar, in na ga mutum zai faɗa rami, ko wane ne shi a wurina, da bakina nake faɗa masa.

Da asuba, kafin a yanka ragon, na aika wa surukina ya ba ni wayar. Na saka ta cikin kwalla, na rufe, na ɗora dutsen niƙa a kai. Sai da baƙi suka watse na mayar masa, hannu da hannu.