Akwatin Suruki

Ƙanena ne ya fara ɗaura kyamara a ƙauyenmu, can bayan Wagini. Sana'arsa sayen wake da gero a hannun manoma, ya tara a wani ɗaki da ya gina a ƙofar gida, in kaya sun yi daraja ya kai kasuwar Batsari. Da ɓarayin daji suka fara leƙo yankin, hankalinsa ya koma kan ɗakin nan gaba ɗaya. Wata rana ya je Katsina ya dawo da 'yar kyamara wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba, da layin waya a cikinta, da ɗan farantin sola. Ya ce ko'ina mutum yake, in dai da sabis, ya buɗe manhajarta a waya zai ga ƙofar gidan kamar yana tsaye a wurin. Aibinta ɗaya, ba ta ajiye abin da ta gani. Abin da ya wuce ya wuce.

Surukinsa, mahaifin matarsa, dattijo ne mai fataucin fata a Batsari. Da ya ji labari sai ya ce shi ma zai sa hannu. Ya je Kano da kayansa, ya yi tambaya, aka ce masa akwai akwatin da ke naɗe hoto ya adana. Ya sayo baƙin akwati mai nauyi, ya ɗauro shi a bayan babur, ya kawo da kansa har ƙauye.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Safana, hutu ne ya kawo ni gida, don haka a gabana aka yi komai. An kira wani mai gyaran waya daga Batsari. Ya hau dalbejiyar ƙofar gida ya ɓoye kyamarar a tsakanin rassa, ya sa farantin a kan kwanon ɗaki, ya ja kebul zuwa akwatin. Akwati ya kawo wuta, amma hoto ya ƙi shiga. Ya cire, ya mayar, ya yi ta latse-latse har gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya ja mu gefe, ni da ƙanena, ya yi ƙasa da murya domin dattijon na zaune a zaure yana jiran albishir. Ya ce kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan kaya sun yi yarjejeniya a kan yare ɗaya, domin kyamarar wannan ta iya magana da akwatin wancan. Akwatin yana jin yaren, kyamarar ce ba ta ji, da manhajar kamfaninta kaɗai take magana. Mafi sauƙi, in ji shi, a mayar da akwatin cikin kwalinsa tun bai tsufa ba, a tambayi dattijo shagon da ya saya, a musanya da wanda zai dace.

Ƙanena ya dube shi kamar ya zage shi. Ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa kyautarsa ba ta yi ba. Gara a bar akwatin a jone, bayan kaka ya sayo wata kyamarar a ɓoye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ni kuwa ba na iya ganin kwaɓa in yi shiru, kowa a gidanmu ya san ni da haka. Na ce masa wannan ba kunya ba ce, sakarci ne, dattijon ai ba don ado ya wahala ba. Ya yi dariya.

"Yaya, ke kin saba faɗa wa yara sun faɗi jarrabawa. Ni suruki zan je in ce wa ya faɗi?"

Haka aka fita zaure aka ce wa dattijo komai ya yi daidai, ya yi ta sa albarka. Matar ƙanena, wadda ba ta san abin da aka ƙulla ba, ta ɗinka wa akwatin kyalle mai fure, ta ɗora shi a kan kabad kusa da kwanukanta, kullum sai ta goge shi. Duk zuwan da mahaifinta zai yi sai ya tambaya ko yana aiki, ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce ƙwarai kuwa, Baba.

Kafin in koma Safana aka sa mini manhajar a wayata, kuma duk faɗan da na yi, ni na fi kowa morar ta. Da an fita hutun tara a makaranta sai in buɗe. In ga awaki suna tsallaka hanya, in ga mai jaki ya sauke buhu, in ga ƙanena yana awo da tiya yana aske bakinta da gefen hannu yadda mahaifinmu ke yi. Ba ta kawo murya, kuma hoton yakan zo a makare, mutum ya ɗaga ƙafa ya tsaya a haka sai sabis ya ga dama ya sauke masa ita. Wani lokaci ƙanena ya ɗaga kai ya yi wa bishiyar gwalo, don ya san ina iya kasancewa ina kallo. Mu biyu muka rage wa juna, iyayenmu sun riga mu gidan gaskiya.

Ranar da abin ya faru, gero ya fitar da kai amma ba a fara yanka ba. Na idar da sallar la'asar ina zaune a tsakar gida a Safana, na buɗe wayar ba don komai ba. Sai na ga mutane suna gudu ta gaban bishiyar, duk gefe guda suka nufa. Na ga ƙanena yana kiciniyar rufe ɗakin wake. Babura suka shigo hoton, kowanne da goyo, fuskokinsu a naɗe. Ban ji ƙarar komai ba. Na dai ga ya saki kwaɗon, ya dafa bango, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, wani ya miƙo hannu ya kama wuyan rigarsa. A nan hoton ya tsaya, ɗan zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar fuskar wayar.

Na hau kan turmi na ɗaga wayar sama ina neman sabis, ina kiran sunansa, maƙwabta suna tambayata lafiya. Na kira lambarsa, a kashe. Da hoton ya dawo, ƙofar gidan babu kowa. Ɗakin a buɗe, wake ya zube har hanya, kaji suna ta tsattsaga.

Matarsa ta tsira. Ta bi sauran mata ta bayan gida suka kwanta cikin gero. Da ƙarar babura ta yi nisa, kowa ya kama hanyar Batsari, ita sai ta koma ɗaki. Ba ta ɗauki tufafi ba, ba ta ɗauki ko kwano ɗaya daga kayan aurenta ba. Akwatin ta fizge, ta naɗe shi da zani, ta aza a ka, ga goyon 'yarta a baya, ta bi 'yar hanyar ƙafa har gidan mahaifinta. Ta ce duk wanda ya taɓa mijinta yana ciki.

A yankinmu kowa ya san tsarin. In sun tafi da mutum, ba a daɗewa za su bugo da wayarsa. Muka jira, ba a bugo ba. Mazan da suka yi ƙarfin hali suka koma sun tarar da jini a gindin bango, ba su tarar da gawa ba. Wani da ya kuɓuto daga dajin Ruma ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce bai gani ba.

Mu uku muka kai akwatin shagon mai gyaran, ni da ita da dattijon. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa ƙanena ya canza kyamarar ban sani ba. Mai gyaran yana ganin akwatin ya gane shi, ya dube ni, na kau da kai. Duk da haka ya jona shi da talabijin, ya bincika ko'ina. Babu komai a ciki, ko hoton akuya.

"Kullum fa yana kawo wuta," in ji ta. "Ni nike goge shi."

Mai gyaran ya faɗi abin da ya faɗa mana tun ranar farko. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, ƙanenki ya sani?"

"Ya sani, Baba. Kunyarka ya ji."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na yi kwanaki ina fushi, da ƙanena, da mai gyaran, da mutanen da suka ƙera abu biyu don aiki ɗaya suka hana su jin juna. Da dattijon ne kaɗai na kasa.

Abin da ya rage shi ne matsayin yarinyar nan, matar aure ce ko mai takaba. Aka je wurin limamin unguwarsu, aka sa ni a gaba tunda ni kaɗai na gani. Ana cewa gani ya kori ji, amma ni nawa ganin bai kori komai ba.

"Malama, kin ga gawarsa?"

"Allah gafarta Malam, na ga ya durƙusa."

"Ya tashi?"

"Hoton ya tsaya."

Liman ya ce ba a shiga takaba a kan zato. Matarsa ce har sai labari tabbatacce ya zo, ko kuma a kai magana gaban alƙali a jira shekarun da shari'a ta ɗiba. Da muka fito ta riƙe gefen mayafina, ta ce, "Yaya, bar ta liman. Ke a ranki mi kika gani?" Na so in ba ta amsa ɗaya, ko wacce ce, ta samu abin riƙewa. Amma gaskiyar ita ce na maimaita hoton nan a kaina har ya lalace. Wata rana ina ganin ana miƙar da shi tsaye, wata rana ina ganin yana sulalewa ƙasa. Haka na faɗa mata, ta saki mayafin.

Tun daga nan ta daina sa kwalli da lalle, amma ba ta yarda a yi mata gaisuwar mutuwa. Mutanen ƙauyenmu sun watse, wasu Batsari, wasu Katsina, ba mai komawa. Kyamarar kuwa ɓarayin ba su gan ta ba. Tana nan a kan dalbejiya, rana na ba ta wuta, ni kuma ina sa wa layinta data duk wata. Da aka rufe layukan waya a yankin ta yi shiru watanni, aka buɗe ta farka da kanta.

Matar ƙanena ta roƙe ni in sa mata manhajar a wayarta. Ta ce in Allah ya kuɓutar da shi, gida zai fara nufa, zai tarar ba kowa, bai san inda zai bi ba. Kuma tunda abin ba ya ajiyewa, in ya zo ya tsaya a ƙofar ya juya alhali ba mai kallo, shi ke nan. Don haka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta wayar na hannunta, ko tana tuƙa tuwo tana jingine da murhu. In za ta yi wanka ko salla, mahaifinta take miƙa wa. Ya rage zuwa kasuwa saboda haka. Idonsa ya yi rauni, sai ya kai wayar daf da hancinsa, ya zauna a zaure bai motsi.

Zuwana na ƙarshe dattijon ya tafi jana'iza, na same ta ita kaɗai, lokacin azahar yana neman fita. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ɗora mini wayar a tafin hannu.

"Yaya, riƙe mini in yi salla. Don Allah kar ki ɗauke ido."

Na riƙe. Waken da ya zube ya tsiro, ya yaɗu, ya bushe, ciyawa ta rufe shi har ta kai rabin ƙofar ɗakin. Iska na kaɗa wani reshe a gefen hoton. Can sai reshen ya tsaya cik, zoben ya hau juyawa. Na miƙe na ɗaga wayar sama.